Datar Dare da Barcin Matasa: Yadda Wayar Salula Ke Taɓa Lafiyar Ƙwaƙwalwa

A arewa maso yammacin Jigawa, Kazaure ta daɗe da yin suna a karatun fasahar zamani. Nan ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu take, ga kuma cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta jiha da aka fi sani da Informatics. Matasan Roni, Gwiwa da Babura da ke karatu a garin, waya ce littafinsu, ita ce kuma majalisarsu. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, datar dare mai rahusa ta ƙara farin jini wajen mai ƙaramin ƙarfi. Sai dai rangwamen da aljihu ya samu, barci ne ke biyansa.

Me ya sa ajiye wayar ke da wuya?

Ba raunin zuciya ba ne kawai, haka aka ƙera manhajojin. A 2006 Aza Raskin ya fito da tsarin shafi marar ƙarshe, wanda ko yaushe aka ja ƙasa sai sabon abu ya fito. A 2009 Facebook ya kawo maɓallin Like, mutum ya fara ƙirga masu yaba masa. TikTok kuwa yana lura da daƙiƙoƙin da aka ɓata a kan kowane bidiyo, sannan ya turo irinsa. Littafi na da shafin ƙarshe, fim na da "alhamdulillahi", amma wannan rijiya ce gaba dubu. Tun da mai kallo bai san abin da zai biyo baya ba, sai ya riƙa cewa "bari in ga ɗaya", har ladan ya kira assalatu.

Abin da bincike ya nuna

A Mayun 2023 Babban Likitan Gwamnatin Amurka na lokacin, Dakta Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa samari da 'yan matan da ke wuce awa 3 a rana a kafafen sada zumunta, haɗarin fuskantar alamomin ciwon damuwa da fargaba ya ninka a kansu. A 2018 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun taƙaita wa wasu ɗalibai Facebook, Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana, tsawon mako 3, suka ga kaɗaici da damuwa sun ragu. Ostireliya ma ta kafa doka a Nuwamban 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a manyan kafafen.

Barci ne ƙofar da matsalar ta fi shigowa ta nan. Likitocin barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10, baligi kuma aƙalla awa 7. Haske da dare na jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke shirya jiki don barci, sannan gardamar siyasa ko hotunan rayuwar wasu na tayar da hankali. Wanda ya ajiye waya ƙarfe 2 ya tashi asuba, da ƙyar ya samu awa 3 ko 4. Daga nan sai gyangyaɗi a aji, saurin fushi, mantuwa da ƙuncin zuciya marar dalili.

Matakan da za a ɗauka a cikin wayar

1. A duba lissafi tukuna. A wayoyin Android, har da mafi yawan Tecno da Infinix, a shiga Settings, a nemi Digital Wellbeing. A iPhone sunansa Screen Time. Nan za a ga awannin da kowace manhaja ta ci.

2. A sa wa manhajar da ta fi cin lokaci iyaka. In mintunan suka cika, za ta rufe sai gobe.

3. A kunna Bedtime mode, wanda ke mayar da fuskar waya fari da baƙi, ya kuma kashe ƙarar saƙonni.

4. A yi wa zaurukan WhatsApp masu hayaniya shiru, na awa 8, ko mako guda, ko na dindindin.

5. A mayar da datar dare ta sauke kaya kawai. A jera darussa da bidiyon da ake so, a bar su suna sauka, a ajiye wayar nesa da shimfiɗa, a kalla da rana.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Idan rashin barci, baƙin ciki, ko daina sha'awar abinci da mutane ya kai mako 2, ko mutum ya fara tunanin cutar da kansa, lamarin ya wuce gyaran waya. Kazaure na da asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma ana iya farawa daga asibiti mafi kusa a Roni, Gwiwa ko Babura. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare sirri da mutuncin majinyaci. Iyaye da malamai su lura: yaron da ya yi shiru ya rungumi waya, tambaya cikin lalama ta fi ƙwace ta amfani.