Son Abin Duniya, Godiya da Wadatar Zuci: Darasi Daga Madalla

Karatu: Luka 12:13-21, Luka 17:11-19, 1 Timoti 6:6-10

Gabatarwa

Garin Madalla yana cikin Ƙaramar Hukumar Suleja ta Jihar Neja, a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, kusa da Dutsen Zuma wanda hotonsa ke jikin takardar Naira 100. Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Legas zuwa Abuja a shekarar 1991, garin ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin haya ya hana su zama cikin babban birnin. Da asuba sukan shiga mota su tafi aiki, su yini suna kallon manyan gidaje da motocin da ba nasu ba, su dawo da dare. A bakin Bahaushe, "madalla" kalmar yabo ce da godiya. Amma mutumin da idonsa ke kan abin wani kowace rana, da wuya kalmar ta fito daga zuciyarsa. Shin son abin duniya yana rage jin daɗin rayuwa? Ina kuma matsayin godiya? Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan da lissafi, kuma ya kamata iyalan masu bi su san abin da suka gano.

Yadda ake aunawa

Ba a ɗora zuciya a kan sikeli, saboda haka tambayoyi ake yi. A 1985 Ed Diener da abokan aikinsa suka tsara jimloli 5 na auna gamsuwa da rayuwa, mutum ya ba kowace jimla maki daga 1 zuwa 7. A 1992 Marsha Richins da Scott Dawson suka fitar da ma'aunin son abin duniya, mai duba abu uku: ɗaukar mallaka a matsayin alamar nasara, mai da saye cibiyar rayuwa, da tsammanin cewa ƙarin kaya ne zai kawo farin ciki. A 2002 Michael McCullough da Robert Emmons da Jo-Ann Tsang suka tsara tambayoyi 6 na auna halin godiya.

A lura, ma'aunin son abin duniya ba ya tambayar yawan abin da mutum ya mallaka. Inda zuciyarsa take yake dubawa. Mai ɗaki ɗaya yana iya cin maki mai yawa, mai gidan bene ya ci kaɗan.

Ma'aunin dangantaka

Bayan an tara amsoshi, sai a duba ko abu biyu suna tafiya tare. Sakamakon lamba ce tsakanin -1 da +1. Idan suna hawa tare, lambar tana gefen ƙari, kamar yadda kuɗin mota ya tashi tare da farashin fetur bayan cire tallafi a 2023. Idan ɗaya yana hawa ɗayan yana sauka, lambar tana gefen ragi, kamar yadda kuɗin haya kan ragu gwargwadon nisan gida daga tsakiyar Abuja. Sifiri kuwa yana nufin ba a ga suna tafiya tare ba.

A 2014 Helga Dittmar da abokan aikinta suka haɗa sakamakon bincike a kan rukunin mutane 259 daga ƙasashe dabam-dabam. Suka tarar dangantakar son abin duniya da jin daɗin rai ta tsaya a wajen -0.19. Wato idan son abin duniya ya ƙaru, jin daɗin rai yakan ragu. Lambar ba babba ba ce, domin lafiyar jiki, zaman aure, aiki da tsaro duk suna da nasu rabo. Amma yadda ta yi ta maimaituwa a wurare da yawa ya isa abin lura.

Lissafin tankaɗe

Ma'aunin dangantaka bai bayyana dalili ba. Domin wannan ake yin wani lissafi mai kama da aikin rariya: a zuba abubuwa da yawa tare, a ga rabon kowanne idan an riƙe sauran a wuri ɗaya. A 2014 Jo-Ann Tsang da abokan aikinta na Jami'ar Baylor a Amurka suka yi irin wannan da ɗalibai 246. Suka ga masu yawan son abin duniya suna da ƙarancin godiya, masu ƙarancin godiya kuma ba su cika jin cewa buƙatun zuciyarsu sun biya ba, irin su kusanci da mutane, daga nan sai gamsuwarsu da rayuwa ta ragu. Ke nan godiya gada ce a tsakani. Wanda ya zuba ido ga abin da ya rasa ba ya ganin abin da ke hannunsa.

Sai dai akwai gargaɗi. Tafiya tare ba ta tabbatar da wanda ya haifi wani ba. Mai yiwuwa rashin gamsuwa ne ke tura mutum ga neman kaya. Gwaji ne ke taimakawa a nan. A 2003 Emmons da McCullough suka raba ɗalibai kashi uku har mako 10. Kashi ɗaya suna rubuta abu 5 da suka gode dominsu kowane mako, na biyu abubuwan da suka ɓata musu rai, na uku abubuwan da suka faru kawai. Masu rubuta godiya suka fi sauran ganin rayuwarsu da kyau, suka kuma fi sa zuciya ga mako mai zuwa. Bincike na baya ya nuna amfanin yana nan, ko da yake matsakaici ne.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Lissafi bai zo da sabon labari ba. Cikin Luka sura 12, Yesu ya gargaɗi mai neman rabon gado game da kwaɗayi, ya ba da misalin mai arzikin da ya yi niyyar rushe rumbunansa domin gina manya, aka karɓi ransa a daren. Cikin sura 17, kutare 10 aka warkar, ɗaya kaɗai, Basamariye, ya koma ya yi godiya. Manzo Bulus bai ɗora laifi a kan kuɗi ba, a kan son kuɗi ya ɗora. Hausawa ma sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wannan ba yabon talauci ba ne. Iyalin da ba su da abinci, magani ko kuɗin makaranta suna da buƙata ta gaske, kuma nauyi ne a kan ikkilisiya ta tallafa musu. Godiya kuma ba rufe ido ga baƙin ciki ba ce. Mutanen Madalla sun san haka: ranar Kirsimeti ta 2011, bam ya tashi a Majami'ar Katolika ta St. Theresa, mutum fiye da 30 suka rasu. A irin wannan rana babu mai ƙidaya kayan ɗakinsa. 'Ya'yansa yake ƙidayawa.

Aiki domin iyali

1. A lokacin addu'ar iyali sau ɗaya a mako, kowa ya faɗi abu 5 da ya gode wa Allah dominsu, har da ƙanana.
2. Kafin a ci bashi domin biki, anko ko sabuwar waya, miji da mata su tambayi juna: buƙata ce, ko gudun maganar mutane?
3. Iyaye su yabi yara saboda gaskiya da himma fiye da tufafi.
4. A gode wa mutum ɗaya ido da ido kowane mako, gama yaba kyauta tukwici.

Kammalawa

Albashi ba ya hannun ma'aikaci, farashin kasuwa ba ya hannun uwargida. Amma abin da yara za su ji daga bakin iyayensu sa'ad da aka ajiye tuwon dare, ko gunaguni ko madalla, yana hannun kowane gida.