Darasi: Kuɗɗi sun shigo maka da yawa, ina za ka sa su?

Ya kai makiyayi, akwai ranar da kuɗɗi ke shigowa hannunka a dunƙule. Ko ka saida bijimai a kasuwar Dakwaro, ko ragunan layya sun yi albarka, ko yaro ya komo daga cin rani, ko an raba gado. Mafi yawanmu ranar kasuwa ta gaba sai mu maida su duka bisashe, don mun gaji cewa garke shi ne bankin makiyayi. Wannan darasi yana nuna maka yadda za ka raba kuɗɗin nan, don kada rani guda ya cinye wahalar shekaru.

1. Kada ka yi gaggawa

Bari kuɗɗin su kwana mako biyu kahin ka taɓa su. Kada ka yi shela, don dillali da mai neman rance suna jin ƙamshin kuɗɗi tun daga nesa. Fara biyan bashin da ke kanka. In akwai zakka, tambayi malami ka fidda ta. Abin da ya rage shi ne naka, shi za a raba.

2. Kowace ajiya da haɗarinta

Bisa tana haihuwa, tana ba da nono da taki, amma tana ci kullum, tana kuma mutuwa. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984, da wahalar 2005 da ta 2010, sun san haka. In ciyawa ta ƙare, kowa na kai bisashe kasuwa lokaci guda, farashinsu ya faɗi, na hatsi da dussa ya hau. Saniyar da ka saya da tsada sai ka bada ta a wulaƙance.

Kuɗɗin takarda su ma ba su da tabbas. A watan Janairu 1994 an karya darajar sefa da rabi. Mai bisashe ya samu riba a kasuwa, mai kuɗɗi cikin tukunya ya ga ba su sayen abin da suke saye a da. A 2004 an canza takardun sefa, a farkon 2023 kuma canjin takardun naira ya wahalar da masu ciniki a bakin iyaka. Ga gara, ga gobara, ga ɓarawo. Tunda kowace hanya da haɗarinta, dabara ita ce a raba.

3. Kashi na farko: bisashen da ke hannunka

Kahin ka ƙara kai ko guda, lissafa cimakar waɗanda kake da su. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin kamar kilo 6 na busasshen abinci a yini. Tunkiya ko akuya, kamar kilo 1. Daga Maris zuwa ƙarshen Yuni kamar kwana 120 ne, lokacin da daji ya zama fili. Saniya guda tana bukatar kilo 720 ke nan, shanu 5 kuma kilo 3.600. Auna abin da dajinku zai iya ba su, sauran kai za ka tanada.

Sayi kara da harawa da dussa da gurya tun da kaka, sa'ad da suke da araha. Ba a fafe gora ranar tahiya. Aje su bisa rumfa ko cikin ɗaki, inda rana da gara ba su kai musu. Ware kuma na maganin tsutsar ciki da gishiri da kanwa. In an zo allurar rigakafi ta shekara, ta ciwon huhun shanu da ta annobar awaki da tumaki, kawo garken duka, kada ka ɓoye rabi.

4. Kashi na biyu: hatsin gida

In rumbu ba zai kai damana ba, cika shi da kaka. Mai gidan da ba shi da hatsi a watan Yuni, dole ya saida bisa a lokacin da ta rame, a farashin da dillali ya ga dama.

5. Kashi na ukku: sayen bisashe

Yanzu ne za ka je kasuwa. Sayi mata masu haihuwa, kuma haɗa iri. Akuya wata 5 take ɗaukar ciki, jar akuyar Maraɗi kuma ta saba haihuwar tagwaye, ga ta da jimirin cin ganye in ciyawa ta ƙare. Saniya wata 9 take yi, kuma karsana kan kai shekara 3 zuwa 4 kahin haihuwar fari. Awaki da tumaki su ne ƙananan kuɗɗin garke: in bukata ta taso ka saida guda, ba sai ka taɓa saniya ba. In kana son nono, nemi karsana irin ta Azawak.

Duba haƙora, da ido, da hanci, da hantsa, da tahiyar bisa. Kada ka sayi mai tari ko zawo, komi araharta. In ka kawo ta gida, ware ta mako 2 zuwa 3, ka ba ta maganin tsutsa, sa'an nan ta shiga garke. Bisa guda mai ciwo tana iya ɗauke maka ribar duka.

In za ka yi turka don layya, kwana 90 zuwa 100 sun isa. Zaɓi rago mai ƙashi, irin balami ko uda, wanda ba shi da aibi. Lissafa kuɗin saye da na abinci da na magani tun farko. In ba ka tanadi abincin ba, bar turkar.

6. Kashi na huɗu: ajiyar da ba a taɓawa

Wannan don ciwo ne, da fari, da ranar da iyaka ta rufe kasuwa ta mutu, kamar yadda aka gani a 2019 da 2023. Aje shi da sefa, a banki ko asusun ajiya mai izinin gwamnati. Tambayi takardar izinin, karɓi rasit kowane zubi, kuma ka san ƙa'idar fiddawa kahin ka zuba. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗɗi cikin wata guda, ka gudu. In maiɗakinka tana cikin asusun mata, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ƙara mata jari, don ribarta gida take komowa.

7. Misali

Mu ɗauka bayan biyan bashi jika 1.000 suka rage maka. Kana iya sa jika 250 ga cimakar bisashe da magani, jika 150 ga hatsi, jika 350 ga sayen bisashe, jika 250 ga ajiya. Wannan ba doka ba ce. In damana ba ta yi kyau ba, rage na saye ka ƙara na cimaka, ko ma ka dakata da saye har shekara ta gyaru.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

a) Kilo nawa na abinci garkenka ke bukata daga Maris zuwa Yuni?
b) A wane wata dussa ta fi araha a kasuwarku?
c) In fari ya zo bana, wace bisa za ka fara saidawa, kuma yaushe?

In lissafin ya yi maka wuya, zo wurin ma'aikacin kiwo na yankinku da yawan bisashenka, mu yi shi tare. Allah ya sa albarka ga garke.