Jirgin ƙasa a tudun Jos

A shekara ta 1927 hanyar jirgin ƙasa ta kai Jos daga Kafancan, a Nijeriya, don ɗaukar kuza. A lokacin jirgi yakan hau sannu sannu, yana kewaya duwatsu, har ya kai metir 1.200 bisa teku. Can akwai sanyi.

Ta taga, matafiyi yakan ga manyan duwatsu, wani bisa wani, kamar an ɗora su da hannu. Ɗan Damagaram zai ce: ai irin namu ne! Ya yi gaskiya. Sunan dutsin giranit.

Da can narkakke ne cikin ƙasa. Ya taso, amma bai fito ba, ya huce a hankali, ya daskare. Sannan ruwa ya kwashe ƙasar da ta rufe shi, ya bi tsaga, ya cinye kusurwoyi, har duwatsun suka mulmule. Cikin wannan dutsi ake samun kuza.

Duwatsun kuza na Jos sun yi shekara kamar miliyan 160. Na Damagaram kamar miliyan 300. Na Abzin sun girme su duka.

Tambaya: mi ya mulmule duwatsun?