Wa Ke Shata wa Baki Iyaka?

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 shi ne wanda matasanmu suka fi haddacewa. Ko wanda bai taɓa riƙe kundin a hannunsa ba ya san an ba shi 'yancin faɗin albarkacin bakinsa: ya riƙi ra'ayin da ya ga dama, ya karɓi labari, ya isar da shi ba tare da an tsoma masa baki ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai kaɗan ne suke ƙarasawa zuwa sashe na 45, inda kundin ya halatta a yi dokar da za ta taƙaita wannan 'yanci saboda tsaron ƙasa, ko lafiyar rayukan jama'a, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko kiwon lafiya, ko kuma don kare haƙƙin wasu mutane. Ya kuma gindaya sharaɗi: dole dokar ta zama wadda hankali zai yarda da ita a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Aikina na lauya a kotunan majistare da Babbar Kotu kusan kullum a tsakanin waɗannan sassa biyu yake, kuma abin da nake gani shi ne ɓangarori biyu kowa ya riƙe rabin doka ya yar da rabi. Mai waya a hannu ya riƙe 39, mai mulki ya riƙe 45.

Bari in fara da mai waya, domin shi ne ya fi zuwa ofishina, kuma yawanci ba shi ke zuwa da ƙafarsa ba, mahaifinsa ne ko yayansa ke zuwa bayan an kwana da shi a caji ofis.

Kalmar da na fi ji ita ce: “Barista, ai ba ni na rubuta ba, turo min aka yi na tura.” A wurin doka wannan ba kariya ba ce. Wanda ya sake yaɗa maganar ɓata suna ya wallafa ta ne sabuwa, kuma ana iya kai shi ƙara ko da ba a taɓa gano wanda ya fara ƙirƙirarta ba. Haka ma “an ce” da “wai” da “majiya mai tushe”. Duk ba sa wanke mutum. Idan ka rubuta cewa wai shugaban makarantar unguwarku ya cinye kuɗin jarrabawar ɗalibai, alƙali ba zai tsaya kan “wai” ɗin ba. Zai tambaye ka hujja, domin a ƙarar neman diyya kan ɓata suna, da zarar mai ƙara ya nuna cewa ka faɗi maganar a gaban wasu kuma tana zubar da mutunci, nauyin tabbatar da gaskiyarta ya dawo kanka.

A yawancin jihohin Arewa, dokar Final Kod da muka gada tun 1960 ta mayar da ɓata suna laifi. Sashe na 391 ya bayyana shi, na 392 ya tanadi ɗauri har zuwa shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Akwai kuma sashe na 393 kan ƙaryar da ke cutarwa, da na 399 kan zagi da gangan don a harzuƙa mutum ya ta da hankali, da na 114 kan tunzura jama'a. Wasu jihohin, kamar Kaduna a 2017, sun sabunta kundinsu, lambobin sassan sun canza amma laifuffukan suna nan. A jihohin da ke aiki da dokokin Shari'a tun shekarar 2000, ƙazafi yana da hukuncinsa na bulala 80 ga wanda ya jefi wani da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Abin mamaki, mutumin da ya san wannan hukunci tun yana makarantar allo, shi ne zai ga hoton 'yar mutane a zauren WhatsApp da mummunan rubutu a ƙasa, ya danna ya tura wa wasu zauruka.

Na taɓa tsaya wa wata baiwar Allah da aka yi wa haka ana saura makonni kaɗan bikinta. An ɗauki hotonta na wurin aiki aka haɗa shi da labarin ƙarya. Dangin mijin suka janye. Mun bi sawu, an gano wasu daga cikin masu turawa, sun ba da haƙuri a rubuce, an yi sulhu. Amma auren bai dawo ba, kuma har yau idan ta shiga taro tana ganin kamar kowa ya ga saƙon nan. Duk wanda ya zauna da irin wannan mata ya ji yadda muryarta ke rawa, ba zai ƙara cewa magana ai magana ce kawai ba. Lokacin da sashe na 45 ya ambaci kare haƙƙin wasu mutane, ita yake nufi. Mutuncinta haƙƙi ne kamar yadda bakin wancan haƙƙi ne. Magana zarar bunu ce, kuma ta intanet ta fi wuyar mayarwa, domin ko ka goge akwai wanda ya ɗauki hotonta ya ajiye, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar irin wannan shaida a kotu idan an cika sharuɗɗansa.

Akwai wasu iyakokin da ba sa buƙatar dogon bayani. Barazanar kisa ko cutarwa laifi ce ko da wasa ka ce kake yi. Kiran mutane su far wa wata ƙabila ko mabiya wani addini laifi ne, kuma mu da muka ga abin da jita-jita ke haifarwa a Jos da Kaduna ba ma buƙatar a tuna mana dalili. Sashe na 39 da kansa ya yarda a hana tona sirrin da aka damƙa wa mutum amana, irin na likita da majinyaci, ya yarda a kare martabar kotu, ya kuma yarda a taƙaita bakin soja da ɗan sanda da ma'aikacin gwamnati a kan abin da ya shafi aikinsu.

To, ɗaya ɓangaren fa? A nan ne nake so a tsaya a saurara, domin a nan ake yawan cutar talaka da sunan doka.

Kasancewar 'yanci yana da iyaka ba ya nufin duk wanda ya ji zafin magana shi ne zai shata iyakar. Kundin tsarin mulki bai ba gwamna ko kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma ko DPO wannan iko ba. Idan aka zo min da wanda aka kama saboda abin da ya faɗa, tambaya ta farko da nake yi ita ce: wace rubutacciyar doka ya karya? Sashe na 36(12) ya ce ba a hukunta mutum sai laifin yana rubuce a doka tare da hukuncinsa. “Ya yi wa mai girma rashin kunya” ba sunan laifi ba ne. Sannan in duba ko dokar tana kare ɗaya daga cikin abubuwan da sashe na 45 ya lissafa, ko kuwa zuciyar wani babba kawai take karewa. Daga nan sai batun ma'auni, wato ko hukuncin ya yi daidai da girman ɓarnar. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, wannan ma'aunin ta ɗora a sashenta na 19.

Kotunanmu sun daɗe da faɗin haka. A 1982 wani marubuci mai suna Arthur Nwankwo ya wallafa littafi yana sukar mulkin Gwamna Jim Nwobodo na tsohuwar Jihar Anambra. Babbar Kotu a Onitsha ta ɗaure shi wata 12 bisa dokar hana tunzura jama'a a kan hukuma da Turawan mulkin mallaka suka bari. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Enugu ta wanke shi, ta ce wannan doka ta saɓa wa 'yancin magana, ta kuma nuna cewa mai riƙe da muƙami dole ya iya jure suka, in kuwa yana ganin an yi masa ƙarya, to ya shigar da ƙarar ɓata suna kamar kowa. Shekara guda bayan nan soja suka kafa Doka ta 4 ta 1984, aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara ɗaya ɗaya. Mu a Arewa ma labarin ba baƙo ba ne. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda kotunan En'e suka riƙa ɗaure 'yan NEPU a shekarun 1950 saboda lacca da waƙa, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga gidan yari a kan bakinta.

A zamaninmu makamin da aka fi ɗauka shi ne sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015. Yadda aka rubuta shi da farko, saƙon da ya ɓata wa wani rai, ko ya dame shi, ko ya jefa shi cikin fargaba, yana iya kai mutum ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Wace suka ce ba ta ɓata wa wanda aka soka rai? Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020, ta sake a 2022, cewa sashen ya saɓa wa haƙƙin magana. A watan Fabrairun 2024 aka yi masa gyara, aka taƙaita wancan ɓangare zuwa saƙon batsa, da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya tura don ya wargaza doka da oda ko ya jefa rai cikin haɗari. Gyaran ci gaba ne. Amma har yanzu ina ganin takardun tuhuma da aka rubuta da kalmomin tsohuwar dokar, kamar ba a taɓa gyara ta ba. Duk lauyan da ya karɓi irin wannan shari'a, ya fara duba wannan.

Mutane da yawa za su tuna watan Nuwamban 2022. A Kano kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin. A watan ne kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda rubutun da ya yi a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, kafin daga baya a janye ƙarar. Ba na goyon bayan zagi, kuma ban taɓa ba wa wani matashi shawarar ya ci mutuncin babba ba. Amma a ganina, idan mai mulki ya yi amfani da 'yan sanda da gidan yari don rama abin da aka faɗa a kansa, ya karɓi ƙarfin da jama'a suka ba shi amana ya juya shi a kansu. Ghana ta soke dokar ɗauri kan ɓata suna tun 2001. Jihar Legas ta cire shi daga kundin laifukanta na 2011. Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, a shari'ar ɗan jarida Lohé Issa Konaté da Burkina Faso a 2014, ta ce ɗauri ya wuce kima a kan irin wannan laifi. Lokaci ya yi da majalisun jihohinmu za su sake duba sashe na 392, aƙalla a kan abin da ya shafi masu riƙe da muƙami.

Ko a yadda dokar take a yanzu, Final Kod ɗin kansa ya bar wa mai suka ƙofa. A cikin togaciyar sashe na 391, faɗin gaskiyar da amfanin jama'a ke buƙata ba ɓata suna ba ne. Haka ma bayyana ra'ayi da kyakkyawar niyya kan yadda ma'aikacin gwamnati ke gudanar da aikinsa. Saboda haka nake ce wa matasa su rarrabe abu biyu. Idan ka ce rijiyar burtsatsen da aka ƙaddamar a garinku ba ta ba da ruwa, ga hotonta, ga ranar da ka ɗauka, kuma a ra'ayinka aikin bai yi ba, kana kan turbar doka. Idan ka ce wane ya sace kuɗin rijiyar, ka yi zargin laifi a kan mutum ayyananne, kuma sai ka kawo takarda. Takardar kuwa akwai hanyar nemanta: Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka dama ka rubuta wa hukuma ka nemi bayanin kwangila, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Ko shirun da ta yi abin rubutawa ne, kuma babu mai iya cewa ƙarya ka yi.

Abin da ya fi ci min rai a waɗannan shari'o'i shi ne, sau da yawa ba a damu da a kai ƙarshensu ba. A kama yaro ranar Juma'a, ya kwana uku a tsare, a kai shi kotu, a tura shi gidan gyaran hali kafin a saurari batun beli, iyaye su yi ta zarya suna roƙo, a sa shi ya yi bidiyon ban haƙuri, sannan mai ƙara ya ce ya yafe. Ba a taɓa tambayar ko abin da ya faɗa gaskiya ne ba. Iyaye su sani cewa sashe na 35 ya wajabta a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauyansa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko ƙane a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba ce. Kada a bari ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, kuma kada a matsa masa ya amsa laifi a zaman farko don kawai a samu a tafi gida, domin amsa laifi hukunci ne da zai bi shi har wurin neman aiki. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi mafi kusa da shi tun ranar da aka yi kamun.