Darasi Domin Ƙungiyoyi: Ko Babban Inji Yana Ceton Rai?

'Yan'uwa manoma, bayan kaka mukan zauna a kan zancen sayen akori-kura ko ɗaukar haya, domin kai masara da dawa daga Ruwan Bore zuwa kasuwannin Gusau da Tsafe. A irin wannan zama mukan ji ana cewa a nemi mai babban inji, wai in hatsari ya taso sai direba ya taka totur ya tsira. Bari mu duba maganar nan da kyau, gama kuɗin ƙungiya da rayukanmu ne a ciki.

Inda ƙarfi yake da amfani

Gaskiya ne ƙarfin inji yana taimako wajen hawan tudu da lodi, da wajen wuce tirela a kan babban titin da ya bi ta Tsafe, Gusau da Bungudu. Mota marar ƙarfi takan daɗe a hannun da ba nata ba. Amma direban da ya jira titi ya buɗe ba ya shiga wannan hali.

Inda ba ya taimako

Mu tuna abubuwan da sukan auko mana: shanu sun ratsa titi, yaro ya fito da gudu, mai babur ya juya ba shiri, taya ta fashe. A duk waɗannan, tsayawa ake bukata. Birki da taya ne suke tsai da mota.

Ga lissafi. Mota mai gudun kilomita 50 a awa, a kan busasshiyar kwalta, tana cin wajen mita 14 bayan an taka birki. In gudun ya kai 100, sai ta ci wajen mita 55, wato ninki huɗu. Ban da wannan, a daƙiƙa ɗayan da direba zai yi kafin ƙafarsa ta kai birki, ta riga ta ci mita 28. Jiƙaƙƙen titi, sudaddiyar taya da lodi fiye da ƙima duk suna ƙara wannan nisa. Saboda haka ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu a 2017.

Wasu suna cewa ƙarfin na tsere wa 'yan fashi ne. Mota cike da buhuna ba ta tsere wa babur a hanyar burji. Gara mu tashi da rana, mu kuma tambayi labarin hanya tukuna.

Abin da za mu yi

1. Mu sa makaniki ya duba birki, taya da sitiyari kafin mu yi cinikin mota.
2. Kada mu wuce nauyin da aka rubuta mata, kada kuma mutane su hau kan buhuna.
3. A gangare direba ya sa ƙaramar giya.
4. Mu ware kuɗin taya da birki kowace shekara.

Tambayoyi domin tattaunawa

Wa yake duba motarmu kafin ranar kasuwa? In direba ya cika gudu, wa ƙungiya ta ba ikon tsawata masa?