Wuyan da Ke Juyawa da Kansa

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye kusa da Kalgo, shekarunta sun haura 40, ta shigo ɗakin gashi inda nake aiki, kanta a karkace hagu, yatsa ɗaya a haɓa. Da ta sauke yatsan sai kan ya ci gaba da juyawa, kamar ana jan sa da igiya. Ƙeyarta duk tabon ƙaho. Ɗanta ya miƙo mini waya, bidiyon wani likitan China yana tsira wa mutum siraran allurai a wuya.

"Likita, wannan za a yi wa Inna?"

Abin da ke damunta sunansa distoniya ta wuya. Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa naman wuya saƙon da ba a nema ba, sai ya ɗaure. Ya fi kama mata, galibi a tsakiyar shekaru. Taɓa haɓar nan da ke lafar da shi alama ce da muka sani, amma a gida ita ke sa a ce da gangan ne, ko iska ce. Ba ɗaya daga ciki.

Akufanca, wato tsira allura irin ta Sinawa, ba na raina ta. Wasu na samun sauƙin ciwo da ita. Sai dai binciken da aka yi a kan wannan cuta ƙanana ne, ba su tabbatar tana miƙar da wuya ba. Kuma gindin wuya ba wurin koyo ba ne: allura ta zarce kaɗan sai huhu, wadda aka maimaita kuma tana iya kawo ciwon hanta. Abin da aka fi tabbatar da amfaninsa shi ne allurar Botox a naman da ya ɗaure, tana aiki kamar wata 3 a sake, tare da gashi da motsa wuya. Tana da tsada. Na tura Inna wurin likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.

Abin da ya fi tsorata ni daban ne. Yaro ya sha maganin amai daga kemis, irin su Maxolon ko Stemetil, bayan 'yan awanni wuya ya murɗe, ido ya kafe sama. Maganin ne, kuma a asibiti allura ɗaya kan warware shi. Idan kuwa wuya ya sandare da zazzaɓi da ciwon kai, a yi zargin sanƙarau; mutanen Gwandu, Jega da Aliero ba su manta da na farkon 2025 ba. Wannan ba a kwana da shi a gida, ba a biya ta wurin wanzami.

Inna tana zuwa gashi duk mako biyu. Ciwon ya ragu, kan bai miƙe ba tukuna.