Yaro na firgita cikin dare? A duba wasan da ke cikin waya

Wani magidanci daga Kafin Dafga, a ƙaramar hukumar Karaye, ya aiko da tambaya. Ɗansa mai shekara tara ya soma zabura cikin barci yana ihu, ba ya yarda ya fita tsakar gida shi kaɗai bayan Isha, tashinsa da Asuba kuwa sai an yi da gaske. An yi tofi, an yi hayaƙi. Daga baya aka lura kullum da dare yana karɓar wayar yayansa ya buga wani wasa mai suna Granny.

Malam, a ci gaba da addu'a, amma a cire wasan nan daga hannun yaron. Na zauna na buga shi da kaina. Ya fito a 2017, ba ya buƙatar data, shi ya sa yake yawo daga waya zuwa waya ta Xender a shagunan caji. An kulle ka a wani tsohon gida mai duhu, an ba ka kwana biyar ka nemo makullai ka tsere. Tsohuwar gidan tana jin ƙarar duk abin da ya faɗi. Da ka ture wani abu, sai ga ta tafe da kulki, ka ruga ƙarƙashin gado ka laɓe, kana hango ƙafafunta suna kai-kawo. Ni da girmana sai da gabana ya faɗi.

Don haka aka ƙera shi. Idan abu ya faɗo wa mutum ba zato, jiki kan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta hau bugu, ido ya bushe, kuma wannan ba ya sauka da an kashe waya. Babba ya san wasa ne, ya yi dariya ya juya ya kwanta. Yaro ƙarami kuwa zai ajiye wayar ya tarar da kansa a ɗaki mai duhu, ga gado, ga ƙofa tana ƙara in iska ta kaɗa. A wurinsa wasan bai ƙare ba. Haka Five Nights at Freddy's na 2014 yake, duk da cewa 'yan tsana ne a cikinsa, abin da kan yaudari iyaye.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wasanni masu sanyaya rai, babu mai bin ka, babu jini. A Stardew Valley, wanda Eric Barone ya fitar a 2016, gonar kakanka ka gada, ka share ta, ka shuka, ka yi ban-ruwa, ka kama kifi. Na ji daɗinsa ƙwarai, kuma sau ɗaya ake sayensa. Hay Day na kamfanin Supercell shi ma noma ne da kiwon kaji da shanu, sai dai yana cin data, yana kuma janyo mutum ya dawo duba amfanin da ya nuna, yana kwaɗaita masa sayen abubuwa da kuɗi. Ko mai sanyin ma sai da ƙa'ida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, amma tana nufin wanda wasa ya ture masa karatu da sauran harkokin rayuwa na aƙalla shekara guda. Ɗanka bai kai nan ba.

Kada a dake shi, kada a kira shi matsoraci. Ka zaunar da yayansa, tun da wayarsa ce, ku goge wasan tare, ya sa makulli. In za a bar yaron ya yi wasa, ya zama mai sanyi, da rana bayan Islamiyya, a gaban mutane. Daga Magariba waya ta bar hannunsa. A bar masa 'yar fitila a ɗaki na ɗan lokaci, mahaifiyarsa ta saurari abin da yake gani a mafarkin.

Idan an yi makonni bai daina ba, ko ana ganin jijjiga, kumfa a baki, ko fitsarin kwance da bai saba ba, kada a tsaya jira. A kai shi asibiti likita ya duba shi.